Gadon Kwana da Tikitin Abinci: Rabin Karatun Jami'a da Ɗan Birnin Tudu Ke Rasawa

A ƙasar Bakura da Talata Mafara da Maradun, idan yaro ya sami gurbin jami'a, tambaya biyu ake yi wa mahaifinsa a majalisa: wace jami'a ce, kuma me zai karanta? In aka ce Zariya ce ko Sakkwato, likita zai zama ko lauya, sai a yi ta sambarka, a yi addu'a, a watse. Da wuya ka ji wanda ya tambayi inda yaron zai kwana, da wa zai ci tuwo, ko su wa za su zama abokan hirarsa bayan an tashi daga lakca. Ana ganin waɗannan ƙananan abubuwa ne da yaro zai ji da su da kansa.

Tarihin manyan jami'o'in Arewa kuwa ya nuna akasin haka. Mutanen da suka fito daga harabobin Samaru da Kongo na Zariya da tsohuwar harabar Bayero ta Kano suka riƙe gwamnati da bankuna da kotuna da jaridu, rabin karatunsu a wajen aji suka yi shi: a ɗakin kwana, a layin karɓar abinci, a zauren muhawara, a masallaci, a filin ƙwallo. Wannan rabin ne ya fi saurin lalacewa cikin shekaru arba'in da suka wuce. Kuma ɗan talakan karkara, irin ɗan manomin shinkafa na Birnin Tudu, shi ya fi kowa asara, domin ba shi da wani wurin da zai je ya samo shi.

Yankin nan ba baƙo ba ne a harkar mulki. Cikin gwamnonin farar hula biyar da Zamfara ta yi tun 1999, uku daga nan suka fito: Ahmad Sani Yariman Bakura, Abdul'aziz Yari na Talata Mafara, da Bello Matawalle na Maradun. Makarantun gaba da sakandare ma sun matso har ƙofar gida. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau a Mafara, ga Jami'ar Jihar Zamfara da aka kafa a garin a 2018, ga Kwalejin Noma a Bakura, ga Jami'ar Tarayya ta Gusau tun 2013. Takardar digiri ta zo kusa, babu musu. Abin da bai biyo ta ba shi ne irin zaman da ya mai da digirin Zariya abin tinƙaho.

Layi ɗaya, faranti ɗaya

Al'adar ta girmi jami'o'in kansu. Kwalejin Katsina da Turawa suka buɗe a farkon shekarun 1920, wadda ta koma Kaduna, ta sake komawa Zariya ta zama Barewa, makarantar kwana ce. A cikinta Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello suka yi karatu, daga baya Shehu Shagari da Yakubu Gowon da Murtala Muhammed da Umaru Musa 'Yar'aduwa suka bi sahu. Duk wanda ya san yadda aka gudanar da gwamnatin Jihar Arewa ya san cewa zumuncin tsofaffin ɗaliban wannan makaranta ya yi aiki a cikinta kamar yadda doka ta yi.

Da Sardauna ya buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a watan Oktoban 1962, wannan tsari ya faɗaɗa. Jami'a ce ta kwana, an gina ta nesa da hayaniyar birnin Zazzau, an raba ɗalibai zuwa gidaje masu sunaye: Suleiman, Danfodiyo, Akenzua, Ribadu, Amina, Alexander da ake wa laƙabi da Alex. Sunayen ma darasi ne: ga mujaddadi, ga sarauniyar Zazzau, ga Oban Benin, ga Baturen da ya fara shugabantar jami'ar kafin Ishaya Audu ya gaje shi a 1966. Makarantar share fagen shiga jami'a da aka kafa a Samaru ta riƙa kwaso yaran sakandaren lardunan Arewa, har da na lardin Sakkwato wanda Mafara da Bakura da Maradun ke cikinsa, tana shirya su kafin su shiga digiri. Gwamnatin jiha na biyan sukolashif da alawus.

Tsofaffin ɗalibai ba sa gajiya da labarin ɗakin cin abinci. Ɗalibi zai fito da ɗan littafin tikiti a aljihu, ya yage guda, ya ɗauki faranti ya shiga layi. Da safe shayi da burodi da ƙwai, da rana shinkafa ko sakwara, ranar Lahadi kaza. Ana wanke masa zanen gado. Yau in ana ba da wannan labari, matasa kan ɗauka zancen abinci ne, su yi dariya su ce an more. Amma muhimmin abin shi ne layin. Ɗan sarki da ɗan hakimi da ɗan manomi, Bahaushe da Tibi da Bayarabe da Inyamuri, kowa da faranti iri ɗaya a hannu, sau uku a rana, shekara uku ko huɗu. Wanda ya zo daga ƙauye bai iya riƙe cokali mai yatsu ba, cikin wata guda ya iya. Wanda ya zo daga gidan sarauta bai taɓa jin wani ya ce masa “ƙarya kake” ba, cikin mako guda ya ji. Zama da maɗaukin kanwa, in ji Hausawa, shi ke kawo farin kai, kuma a Samaru ta wancan zamani kowa maɗaukin kanwa ne ga ɗan'uwansa.

Daga wannan layi aka fitar da 'Yar'aduwa da Namadi Sambo a shekarun 1970, da Nasiru El-Rufa'i a 1980, da Sanusi Lamido Sanusi a 1981, da gwamnan Zamfara na yanzu, Dauda Lawal, wanda ya karanta kimiyyar siyasa a can. Atiku Abubakar ya yi difloma a fannin shari'a a Kongo. Jami'ar Sakkwato, da aka kafa a 1975 aka sa mata sunan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a 1988, ita ta yaye Yariman Bakura da Aminu Waziri Tambuwal. Waɗannan su ne sanannu. A bayansu akwai dubban manyan sakatarori da alƙalai da injiniyoyi da aikinsu na farko ya zo ta hannun wanda suka raba ɗaki da shi.

Ranar da jami'a ta yi magana da yawun Bakolori

Mutanen Birnin Tudu na da hujjarsu ta kansu a kan amfanin rayuwar harabar jami'a, ko da ba kowa ya lura da ita ba. Tsakanin 1974 da 1978 kamfanin Impresit na Italiya ya gina madatsar ruwan Bakolori a kan gulbin Sakkwato. Dubban iyalai suka rasa gonaki da gidaje, diyya ta zo da gardama, manoma suka tare hanyoyin aikin. A ƙarshen watan Afrilun 1980, zamanin Shugaba Shagari da Gwamna Shehu Kangiwa, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka afka wa ƙauyukan, Birnin Tudu na cikin wuraren da abin ya fi muni. Gwamnati ta ce mutum ashirin da 'yan kai suka mutu. Masu bincike suka ce ɗaruruwa ne.

Su wane ne masu binciken? Akasarinsu mutanen jami'a ne. Dakta Yusufu Bala Usman na sashen tarihi a Zariya na cikin waɗanda suka ƙi amincewa da lissafin gwamnati, suka tattara shaidu suka buga. Bjorn Beckman, ɗan ƙasar Suwidin da ya koyar da kimiyyar siyasa a Samaru, ya rubuta nazarin da har yau duk mai son sanin abin da ya faru ke komawa gare shi. Manomin Bakolori ba shi da jarida, ba shi da lauya. Abin da ya hana a binne labarinsa tare da gawarwakin shi ne akwai wata haraba da malamai da ɗalibai ke kwana tare suna gardama a kan filaye da jari da hakkin talaka, kuma a cikinsu akwai 'ya'yan manoma da suka san me ake nufi da a ƙwace wa mutum fadama.

Harabar ta biya nata farashin. A 1978 gwamnatin Obasanjo ta ƙara sule biyar a kan kuɗin abincin ɗalibi na yini, daga naira ɗaya da sule biyar zuwa naira biyu. Ɗalibai a ƙarƙashin Segun Okeowo suka fito suna neman a tsige kwamishinan ilimi na tarayya, Kanar Ahmadu Ali. Aka kashe ɗalibai a Legas da Zariya, aka haramta ƙungiyarsu ta ƙasa. A watan Mayun 1986, bayan hukumar jami'a ta hukunta shugabannin ɗalibai kan jerin gwanon tunawa da waɗancan mamata, 'yan sanda suka sake buɗe wuta a Samaru. Gwamnati ta amsa mutum huɗu, ɗalibai suka ce sun fi haka, Farfesa Ango Abdullahi ya bar kujerar shugabancin jami'ar. A 1988 aka kori malamin nazarin zamantakewa Patrick Wilmot daga ƙasar baki ɗaya. Ko mutum na goyon bayan ɗalibai 'yan gwagwarmaya ko yana ganin rigimarsu ta yi yawa, ba zai musa cewa a nan ɗan ƙauye ya fara koyon tsayawa gaban mutum dubu ya yi magana ba.

Ustazai, 'yan gayu da 'yan jiha

Ba siyasar 'yan gurguzu kaɗai ke tashe ba. Ƙungiyar Ɗalibai Musulmi, MSS, da aka kafa a Legas a 1954, ta yi ƙarfi ƙwarai a Zariya da Kano a shekarun 1970. A cikinta Ibrahim Zakzaky ya fara suna yana ɗalibin tattalin arziki. Ɗalibai Kirista na da tasu, FCS. A ɗaya gefen ga 'yan gayu masu shirya casu da gasar kyau, ga “rosh” ɗin watan Oktoba da tsofaffin ɗalibai maza ke yi wa sababbin 'yan mata, ga 'yan wasan kwaikwayo da ke fita ƙauyuka irin su Bomo suna shirya wasa tare da manoma. Ustazu da ɗan gayu ba sa shiri, amma gini ɗaya ya haɗa su, famfo ɗaya suke layi, dole suka koyi zama da juna ko da ana harara.

Wannan zaman dole shi ne ya yi rauni. Rikicin da ya tashi tsakanin ɗalibai Musulmi da Kirista a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan a watan Maris na 1987 ya bazu har Zariya da Kaduna da Katsina da Funtuwa, ya bar tabon da bai gama warkewa ba. Tun daga lokacin kowa ya ƙara matsawa cikin nasa. Yau sabon ɗalibi, jambito kamar yadda ake tsokanarsa, in ya sauka daga motar Mafara, ƙungiyar 'yan jiharsa ce ke tarbarsa, sai ta ƙaramar hukumarsa, sai ta masallacin da ya dace da aƙidar gidansu. Ƙungiyoyin nan na yin aikin alheri: su nuna masa inda ake rijista, su samar masa wurin raɓawa, su yi masa karo-karo in ba shi da lafiya, su naɗa sarkinsu da rawani da dogarai ranar al'ada. Illarsu ɗaya ce, amma babba ce. Yaro na iya yin shekara huɗu a Kano ko Zariya bai yi aboki ko ɗaya da ba Bazamfare ba. Ya je ya dawo da digiri, amma mutanen da ya sani su ne dai waɗanda da ma zai sani ko da bai bar gida ba.

Bayan an kashe murhun gwamnati

A 1984 gwamnatin soja ta Janar Buhari ta janye tallafin ciyar da ɗalibai, ɗakunan cin abinci suka koma hannun 'yan kasuwa. Shirin tsuke bakin aljihu na Babangida ya biyo baya a 1986, naira ta faɗi, yawan ɗalibai ya yi ta ninkuwa, gine-ginen kwana suka tsaya kusan yadda suke.

Mai son ganin sakamakon ya tsaya a tashar Mafara ranar komawa makaranta. Zai ga saurayi da jakar nan mai ratsin ja da shuɗi, cike da shinkafa 'yar gida da garin kwaki da ƙuli-ƙuli, ga yaji a gwangwani, ga man gyaɗa a robar lemo, ga kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa da uwa ta ƙulle a leda. A gefe ga katifa naɗe da igiya, ga ƙaramar tukunyar gas. Direba na gaggawa don a wuce Tsafe a kai Funtuwa kafin rana ta yi sanyi. In ya isa, ɗakin da aka gina wa mutum huɗu zai tarar da takwas ko goma a ciki: masu gado, da waɗanda suka sayi gado a hannun masu gado, da 'yan raɓe da ke shimfiɗa tsakanin gadaje bayan sha biyun dare. A baranda ake girki, kowa da tukunyarsa. In wata ya yi nisa, Indomie ɗaya da garin kwaki ne abincin yini. Karatun dare har asuba a aji ake yinsa, don a ɗaki babu wurin buɗe littafi.

A wannan jami'a dai, wani ɗalibin na kwana a ɗaki mai banɗaki da janareta da iyayensa suka kama masa a Samaru ko Palladan, ko a Ɗanbare da Rijiyar Zaki in Kano ce. Ya fito daga sakandare mai zaman kanta a Kaduna ko Abuja, Turanci a bakinsa kamar ruwa, wayarsa ta fi kuɗin noman shekarar gidan wancan. Aji ɗaya suke, lakcara ɗaya, jarabawa ɗaya. Da an tashi kowa ya kama gabansa. In ɗan Bakura ya buɗe baki ya yi Zamfarancinsa aka yi dariya sau ɗaya, sau biyu, sai ya koyi yin shiru a aji. Babu layin abincin da zai tilasta musu sanin juna.

Su kuwa manyan masu hali sun fice gaba ɗaya. Jami'ar Amurka da Atiku ya kafa a Yola a 2004, da Baze ta Abuja ta 2011, da Nile, da Skyline ta Kano, da Jami'ar Maryam Abacha ta Maraɗi da ta Kano, da jami'o'in Misira da Malesiya da Dubai da Ingila, can 'ya'yan waɗanda suka ci kazar Lahadi a Samaru ke karatu yanzu. Yajin aikin malamai ya ƙara ingiza su: wata tara a 2020, wata takwas a 2022, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. A irin wannan hutun dole, ɗan mai kuɗi ya canza makaranta, ɗan Birnin Tudu ya koma gona ko ya hau kabu-kabu. Zumuncin manyan gobe na nan ana ƙulla shi, sai dai an ɗauke shi zuwa bayan katangar da kuɗin shekara ɗaya a cikinta ya kai miliyoyi.

Ba Nijeriya kaɗai ke da wannan ciwo ba. A Oxford ta Ingila akwai kulob ɗin Bullingdon na 'ya'yan attajirai, wanda David Cameron da Boris Johnson suka yi zamaninsu a ciki kafin su zama firaminista. A Yale ta Amurka akwai ƙungiyar asiri ta Skull and Bones tun 1832. A zaɓen shugaban ƙasa na 2004, George Bush da abokin takararsa John Kerry duk 'ya'yanta ne. Binciken da Raj Chetty na Harvard da abokansa suka fitar a 2023 ya nuna cewa ɗan gidan da ke cikin kashi ɗaya bisa ɗari mafi arziki ya ninka ɗan matsakaicin gida damar shiga manyan jami'o'in Amurka fiye da sau biyu, ko da makinsu ɗaya. Wani malami, Anthony Abraham Jack, ya nuna a littafinsa na 2019 cewa talakawan da ke shiga irin waɗannan jami'o'i kashi biyu ne: wanda ya bi ta sakandaren masu hali ya riga ya san yadda ake tunkarar farfesa, da wanda ya zo kai tsaye daga makarantar unguwa yana jin kunyar ƙwanƙwasa ƙofar ofis. Duk wanda ya kwatanta yaron da ya fito daga Kwalejin Tarayya ta Anka ko ta Sakkwato da wanda ya fito daga sakandaren jeka-ka-dawo ta ƙauye ya san wannan bambanci ba sai an fassara masa ba. Tsarin ɗaukar ɗalibai na jami'o'in tarayya, da ya ware kashi 45 ga cancanta, 35 ga yankin da jami'a take, 20 ga jihohin da ke baya a ilimi, yana buɗe wa Bazamfare ƙofar shiga. Abin da zai same shi bayan ya shiga, tsarin bai ce komai a kai ba.

Inda tsoro ya shigo

A Zamfara ta yamma akwai ƙarin wani abu da Oxford ba ta san shi ba. Ranar 26 ga Fabrairun 2021 'yan bindiga suka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar kwana ta Jangebe, cikin ƙaramar hukumar Talata Mafara. A watan Agusta na shekarar suka shiga Kwalejin Noma ta Bakura da dare, suka kashe masu gadi, suka tafi da ɗalibai 15 da wasu ma'aikata. Ranar 1 ga Satumba suka ɗauke ɗalibai 73 a sakandaren Kaya ta Maradun. Aka rufe makarantu, aka katse layukan waya a jihar. Cikin wata bakwai, kowace ɗaya daga ƙananan hukumomin nan uku ta ɗanɗana.

Sannan ranar 22 ga Satumban 2023 aka afka wa gidajen hayar da ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau ke zaune a Sabon Gida, aka sace fiye da ashirin, yawancinsu mata. Wannan harin ya fito da maganar fili: ɗaliban na kwana a wajen katanga ne saboda babu isasshen wuri a ciki. Ƙarancin gado, da a Zariya matsalar cunkoso ce, a Zamfara ya zama maganar rai.

Ba laifin uba ba ne in ya ce ɗiyarsa ba za ta kwana a makaranta ba. Sakamakon dai shi ne manyan makarantun yankin na komawa tamkar sakandaren jeka-ka-dawo. A zo lakca da safe, a watse kafin la'asar. Babu muhawarar dare, babu wasan kwaikwayo, babu jaridar bango, babu baƙon malami da zai yarda ya kwana. Ɗan Inugu ko ɗan Ilori da JAMB ta ba shi gurbi a nan sai ya nemi canji. Yarinyar da ta fi kowa ƙoƙari a Bakura za ta iya samun digiri ba tare da ta taɓa shugabantar taron mutum ashirin ba.

Masu cewa a daina kukan jiya

Akwai masu ganin duk wannan begen zamanin da ya wuce ne, kuma suna da hujja. Jami'ar kaza da wankin zanen gado ta 'yan tsiraru ce. A lokacin da ake cin kazar, yawancin yaran gundumar Bakura ko firamare ba su shiga ba, mata kuwa sai a ƙirga su da yatsu. Rayuwar haraba ma ba duka alheri ba ce. Ƙungiyar da Wole Soyinka da abokansa suka kafa a Ibadan a 1952 da kyakkyawar niyya ita ta buɗe hanyar da ƙungiyoyin asiri masu kisa suka biyo daga baya a jami'o'in Kudu. Shaye-shayen ƙwaya da maganin tari sun shiga ɗakunan kwana na Arewa. Binciken da BBC ta yi a 2019 a Legas da Ghana kan malaman da ke neman ɗalibai mata da maki ya faɗi abin da iyaye a nan suka daɗe suna raɗe-raɗinsa. Kuma kusancin makaranta da gida shi ya ba matan aure da 'yan mata da yawa damar karatun da da ba za su taɓa yi ba.

Duk gaskiya ne. Amma ba wanda ke cewa a dawo da kazar Lahadi ga ɗalibai miliyoyi. Maganar ita ce zaman tare ba ado ba ne da ake ƙarawa in kuɗi sun ragu, kuma ba sai da dukiyar man fetur ta shekarun 1970 ake samunsa ba. Jami'ar Ɗanfodiyo misali ce a kusa. Tana can Dundaye bayan gari, ga zafi, ga ƙarancin ruwa, har ambaliyar 2010 ta taɓa yanke hanyar shigarta. Duk da haka ƙungiyoyin 'yan jaridar haraba na can sun yaye matasan da ke aiki a manyan kafafen labaran ƙasar nan, da yawansu ba aikin jarida suka karanta ba. Abin da suka samu bai wuce allo da bango da 'yan'uwa masu gyara musu rubutu ba, da hukumar da ta bar su suka yi.

Abin da ke hannun gwamnatin jiha da shugabannin makarantun Mafara da Bakura da Gusau a bayyane yake. Na farko, gidajen kwana a cikin katanga, da tsaro na gaske, a fara da na mata, kafin a sake gina wata ƙofar shiga mai ƙawa ko ofishin shugaba. Asusun TETFund, wanda asalinsa yarjejeniyar da ƙungiyar malaman jami'a ta ƙulla da gwamnati a 1992 zamanin shugabancin Attahiru Jega, kuɗin gini yake bayarwa, kuma makarantu na da ta cewa a kan abin da suke nema. Na biyu, a raba ɗakuna ta yadda ɗan Mafara zai kwana da ɗan Zuru ko ɗan Kogi, ba a bar 'yan gari ɗaya su cika ɗaki ba. Na uku, ɗakin cin abinci mai rahusa ko da sau ɗaya a yini. Yankin da ke noma shinkafar Bakolori bai kamata wannan ya gagare shi ba. Na huɗu, a biya sukolashif a kan lokaci ga waɗanda suka sami gurbi a Zariya da Kano da Ibadan da Nsukka, don kada a maimaita abin da ya sami ɗaliban jihar da aka tura Cyprus aka bar su da bashin makaranta. Bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024 yana biyan kuɗin rijista da naira dubu ashirin a wata, wanda bayan cire tallafin mai a 2023 da ƙyar yake kai ɗalibi tsakiyar wata, balle ya kama masa ɗaki.

Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2023, an biya basussukan hukumomin jarabawa da suka sa aka riƙe sakamakon yaran jihar shekara da shekaru, ana gyaran azuzuwa. Yaran da aka saki sakamakonsu yanzu suna neman gurbi, kuma da yawansu a Mafara da Gusau za su same shi. 'Yan majalisar da ke wakiltar Bakura da Maradun da Talata Mafara na iya fara aikinsu da tambaya ɗaya a zaman kasafin kuɗi mai zuwa: kowace makaranta ta kawo adadin ɗaliban da ta yi wa rijista, da adadin gadajen da take da su a cikin katanga, na maza daban, na mata daban.